Ruwan da Ya Tsare Malama Rauda

Alhaji Lawal ba mai zuwa gidajen hayarsa ba ne, aike yake yi. Shi ya sa da Malama Rauda ta ji sallamarsa a zaure bayan la'asar, ta san ba banza ba tun kafin ta yafa mayafi. Suka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sake tambayar yara. Sannan ya gyara murya.

"Malama, wallahi ba don wani laifi ba ne. Ban taɓa jin kanki da kowa ba a unguwar nan. An sa ranar auren yaron wajena, kuma ba ni da inda zan ajiye shi sai nan. In hayarki ta ƙare ƙarshen wata, ba zan sabunta ba. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ba komai Alhaji, gidanka ne. Allah ya sanya alheri."

Ta koma ciki ta zauna a kan turmi. A gidan nan aka kawo ta amarya. A nan ta haifi Zaituna da Kubura, a nan kuma ta yi takabar mijinta Mansur, malamin gona, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kazaure. Tun daga lokacin ita ke riƙe da yaran da albashinta na koyarwa a firamare, ba ta taɓa tunanin wata rana za ta fita neman gida da ƙafarta ba.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta nemi Zailani dillali, wanda ke zama a gindin darbejiya kusa da tashar Daura. Ya ce mata gidaje kam akwai, ta kwantar da hankalinta. Ya tura kekensa a gaba tana biye, har wani gida a Sabon Gari mai ɗaki biyu da famfo a tsakar gida. Ya yi mata sosai. Mai gidan ma ya sake fuska, har sai da ya ce, "To, sai maigidan ya zo mu yi magana."

Rauda ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa. Ni ce da yarana mata biyu."

Mutumin ya yi mata ta'aziyya mai kyau, ya yi addu'a, sannan ya ce ya tuna akwai wani ɗan'uwansa da ya riga ya yi wa alkawarin gidan.

Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina ba a lokacin, masu gidajen haya duk sun shiga kaffa-kaffa. An tashi mata masu zaman kansu daga unguwanni da dama, kuma ba kowane mai gida ke son tsayawa yi wa maƙwabta bayanin cewa wannan matar mijinta ne ya rasu ba. Abin da ya fi musu sauƙi shi ne su ce a'a. Haka Rauda ta yi ta jin wannan a'a ɗin, wani ya naɗe ta cikin ladabi, wani ya faɗe ta tsirara. Gida ɗaya da aka yarda a ba ta, rufin ɗakin ya lotsa, kana tsaye a ciki kana hango sama, ga damina ta kankama.

Ana cikin haka yayanta Kalilu ya zo daga Mashi. Ya ci abinci, ya wanke hannu, ya ce, "Ni ban ga abin wahalar da kai ba, Rauda. Ki tattara yaran nan ki dawo gida. Ɗakin Inna yana nan a rufe, hatsi kuma ba mu rasa ba."

"Aikin fa, Yaya? Ga Zaituna za ta zana jarrabawar fita firamare bana."

"To ai ba a titi za ta zana ta ba. In wata ya ƙare ba ki samu ba, zan turo mota."

Ba da mugunta ya faɗa ba, ta sani. Amma ta san kuma in ta shiga motar nan, ta bar aji ke nan, karatun yaran kuma sai yadda hali ya yi.

Saura 'yan kwanaki wata ya mutu, Zailani ya kai ta wani gida can bayan rijiyar Kusugu. Nan ma ba a dace ba. Ya ba ta haƙuri, ya hau kekensa ya tafi wajen wani cinikin. Ta kamo hanyar gida ita kaɗai ta cikin lunguna. Ba ta lura da hadarin da ya taso daga gabas ba sai da iska ta fara fizgar mayafinta. Ɗigon farko ya sauka manya-manya, ta faɗa zauren da ya fi kusa da ita.

Daga cikin gidan ta ji muryar tsohuwa tana faɗa da awaki. Ta leƙa. Wata dattijuwa ce ta duƙa da ƙyar, hannu ɗaya a gwiwa, tana ƙoƙarin tattara kalwar da ta shanya a kan tabarmi, iska na watsa mata. Rauda ta yi sallama, ba ta jira amsa ba ta ajiye jakarta, ta kama bakin tabarma ta naɗe, ta juye a kwando. Ta kwashe ta biyu, ta kora awakin rumfa. Suna shiga ɗaki ruwa ya kece.

Tsohuwar ta zauna a bakin gado tana haki, ta ƙare mata kallo.

"Sannu 'yar nan. 'Yar gidan wa ce ke?"

Rauda ta faɗa mata sunanta da inda take koyarwa. Tsohuwar ta ce ita ce Hadijatu mai daddawa, duk unguwar Iya suke ce mata. Ta miƙo mata zane ta goge jiki, ta tura mata kwanon fura.

"Me ya kawo malamar makaranta lungunmu da hadari a ka?"

Rauda ba ta yi niyyar ba da labari ba. Amma ruwa ya ƙi tsayawa, ɗakin da ɗumi, matar kuma ta iya saurare. Ta faɗa mata komai, tun daga sallamar Alhaji Lawal har motar da za a turo daga Mashi. Da ta gama, ta ɗauki kwanon ta sha fura.

Iya Hadijatu ba ta ce sannu ba. Ta ce, "Yaran naki suna da ƙiriniya?"

"Ƙaramar tana da surutu."

"Kina kunna rediyo da ƙarfi?"

"A'a, Iya."

"To in ruwa ya ɗauke ki leƙa bayan rumfar awakin can."

Sashe ne guda, ɗaki biyu da ɗan madafi, da ƙofarsa ta langa-langa. Ƙura ta rufe ko'ina, an jibge tsofaffin tukwane a kusurwa, amma Rauda ta ɗaga kai ta duba rufin, bayan wannan ruwa mai yawa ko ɗigo babu. Iya ta ce sashen ɗanta Sama'ila ne, ya koma Katsina da iyalinsa tun da aka yi masa canjin wurin aiki. Tun da ta faɗi a banɗaki bara ya tasa ta a gaba, lallai sai ta koma wajensa, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a gida ba.

"Ni kuma ba inda za ni. Me zan yi a Katsina, in zauna a kan kujera ina kallon bango? Ya ce to a zuba 'yan haya, na ce ba na son ƙarti suna ratsa mini tsakar gida. Jibi Juma'a zai zo, wai da mota. Ki dawo bayan an sauko daga masallaci."

Rauda ta koma gida ba ta gaya wa yaran komai ba. An sha nuna mata ɗaki a hana ta, ba ta so su sa rai.

Ranar Juma'a ta tarar da Sama'ila zaune a kan tabarma a gaban mahaifiyarsa, mutum mai furfura jefi-jefi, fuskarsa da alamar an riga an yi doguwar muhawara. Ya amsa gaisuwarta, ya tambayi makarantar da take, ya tambayi dangin mijinta. Da ya ji sunan Mansur ya ce ya san shi sama-sama, Allah ya jiƙansa. Daga nan ya juya wajen uwarsa.

"Iya, ba ƙi nake ba. Amma kin san yanayin da ake ciki. Mace ba miji, mutanen unguwa za su yi magana."

"Ni mijin gare ni?" in ji Iya. "Shekara nawa ina zaune a nan ba miji, wa ya yi magana? Gidan nan gadon ubana ne, Sama'ila. Mai unguwa kuma ni zan je masa da kaina. Ka ce ba ka so in kwana ni kaɗai, to ga mutum uku Allah ya kawo."

Sama'ila ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da ya ɗago, Rauda ta ga kamar shi ma an sauke masa wani kaya ne.

"Malama, abu ɗaya zan roƙe ki. Maganin hawan jininta, ba ta sha sai ta ga dama."

"Zan kula, in sha Allahu."

"Ka ga har kun fara haɗe mini kai," in ji Iya.

Aka yi maganar haya a gaban mai unguwa a ranar, ba a ja ba. Asabar Rauda da yaran suka share sashen, suka wanke, Sama'ila ya sa aka gyara sakatar ƙofa kafin ya koma. Lahadi da safe motar a-kori-kura ta kwashe kayansu. Ta bi ta gidan Alhaji Lawal ta miƙa masa makulli, ya yi ta sa albarka, da gani shi ma abin ya tsaya masa a rai. Ta ba wani direban Mashi saƙo ya gaya wa Yaya Kalilu ba sai an turo mota ba, amma in ya shigo Daura ya tambayi gidan Iya mai daddawa.

Da azahar an gama shigar da kaya, ko gado ba a ɗaura ba. Rauda ta yi sallah, ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta a kan katifa kafin ta hura wuta. Ba ta san lokacin da barci ya ɗauke ta ba, irin barcin da rabonta da shi tun ranar da Alhaji Lawal ya yi sallama a zaure.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ta. Ta zabura ta fito tana gyara ɗankwali, tana tunanin yaran ba su ci komai ba. Ta same su a rumfa, kwanon ɗanwake a gabansu sun kusa cinyewa. Zaituna na tsince wa Iya kalwa, Kubura kuma na ba ta labarin wata 'yar ajinsu da ta zo makaranta da takalmi wari daban-daban.

Iya ta dubi Rauda ta ce, "Kin ce surutu gare ta, ba ki ce haka ya kai ba. Naki yana cikin kwanon can na rufe, yi sallah ki zo ki ci tun bai huce ba."