Tumfafiyar Bukari

A bayan gidan Daktora Israa, can unguwar Ma'adi, akwai wani ɗan fili da ullaiƙ ta cinye, wata sarƙaƙiya mai ƙaya da baƙaƙen 'ya'ya. Wanta Ayman so yake a malale wurin da siminti ya riƙa ajiye motoci. Ita kuwa malam-buɗe-littafi take so, irin masu ruwan goro da take gani tana yarinya. Suka yi yarjejeniya: idan ba a ga ko ɗaya ba zuwa ƙarshen Mayu, siminti. In aka zuba siminti kuwa, Bukari mai lambu, dattijon da ya zo daga Maraɗi, ba shi da sauran aiki a gidan.

Kwana ashirin ya yi yana sara da tonon saiwa, har hannuwansa suka zama kamar ya yi kokawa da mage. Ƙayar da ya sare bai ƙone ta ba, ya tufka shinge da ita yadda ake yi a gonakin gida. Irin shukar da malam-buɗe-littafi ke so, wanda Daktora ta sayo daga waje, ya tsiro, rana ta gasa shi. Ranar da ta nuna masa hoton wani ganye a wayarta ta ce ko wannan ma zai yi in za a samu, Bukari ya daɗe yana kallo.

"Daktora, ai wannan tumfafiya ce. A garinmu ko akuya ba ta kula ta."

Ya je gefen kwarin Wadi Digla ya haƙo ƙanana tara, ya taho da su cikin buhu. Ukasha, ɗalibi ɗan garinsu da suke ɗaki ɗaya a unguwar Hadayek, dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, ka ƙetare Sahara don ka shuka tumfafiya? Don Allah kada a ji a gida."

"Kai dai ci waken ful ɗinka."

Bakwai suka kama. Suka yi ganye faffaɗa, Bukari yana zagaya su kamar gero. Wata safiya ya tarar ganyen duk huda, ga tsutsotsi masu zanen baƙi da fari da rawaya sun yi ɗare-ɗare. Ransa ya ɓaci. Shekara talatin yana noma, bai taɓa barin tsutsa ta wuni a shukarsa ba. Ya tsince su tsaf cikin gwangwani, ya nufi kajin mai gadi.

A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Daktora. Ya miƙa mata gwangwanin yana alfahari. "Khalas, shi ke nan, na kama ɓarayin."

Ta leƙa, ta dafe kai. "Ya Amm Bukari! Ai su ne za su zama malam-buɗe-littafin! Don su muka shuka!"

Ya dubi tsutsa, ya dube ta. Wato duk wahalar nan, abincin tsutsa ya noma. Ya koma ya durƙusa, yana ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan ganye da tsinke, yana ce wa kowace ma'alish, wato ta yi haƙuri. Daga ranar ya koma gadinsu, yana korar tsuntsaye da hula, yana kallo suna cinye masa shuka har kara, zuciyarsa na zafi. Sannan suka ɓace. Sai wasu 'yan abubuwa koraye kamar ƙwanso da ya gani rataye a jikin shingen ƙayar.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, Ayman ya zo da magini da igiyar awo. Bukari ya buɗe musu shinge. Magini ya taka ƙafa ɗaya ciki, sai wurin ya tashi. Malam-buɗe-littafi masu ruwan goro ko'ina, sun fi ashirin, wasu fukafukansu ko bushewa ba su gama ba. Ɗaya ya sauka a kan igiyar awon ya yi zamansa.

Daktora ta rangaɗa guɗa daga baranda. Ayman ya ce wa magini ya naɗe igiyarsa, amma ya bari na kan igiyar ya tashi tukuna.

Bukari ya ciro waya ya kira Ukasha. "Yalla, zo ka ɗauki hoto. Ka aika gida, kowa ya gani."