Ƙamshin Ƙosai a Injin

Ya'u ya sa sifana ya sassauta bututun nozul na farko. Injin ya ƙara rawa, Ya'u ya mayar ya ɗaure. Ya sassauta na biyu, babu abin da ya canza. Na uku ma haka. Nozul biyu ke nan ba sa aiki.

Amma ba motar ce ta dame shi ba, mai motar ne.

Tun da safe mutumin ya shigo garejinsa da ke bayan kasuwar Jimeta da tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, tana tari tana fidda farin hayaƙi. Babu lamba a gaba. A ƙofar direba akwai rami, irin wanda ƙusa ba ta yi. Bayanta a rufe da tamfol, an ɗaure da igiya tamau. Ya ce sunansa Zadok, daga Michika. To, suna ai kowa yana iya ɗauka ya sa. Tun da Mubi ta faɗi hannun 'yan bindiga garin ya cika da baƙi, kuma shugaban makanikai ya tara su ya ce duk wanda aka kawo wa irin wannan mota bai san mai ita ba, ya sanar da 'yan banga.

"Wane mai ka zuba mata?" Ya'u ya tambaya.

"Gas."

"Na gidan mai ko na bumburutu?"

"Gas dai, Baba."

"Sai na cire injekta na kai a gwada."

"A'a. Injekta na lafiyan shi ƙalau. Kar ka taɓa shi."

"To je ka sha shayi, ka ba ni wuri."

"Ina nan."

Yana nan ɗin kuwa. Ya'u ya sunkuya, mutumin ya sunkuya tare da shi. Ya'u ya ajiye noti, ya bi notin da ido. Da Ya'u ya zaga baya kamar zai duba tanki, sai ga mutumin ya riga shi, ya jingina da tamfol. Iska ta ɗan ɗaga gefen, Ya'u ya hango jarkoki rawaya a jere.

Jarka a wannan lokaci ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya san da me ake kai wa mutanen daji mai.

Ya'u ya ce zai kama ruwa. A bayan shago ya kira Faruk, shugaban 'yan bangan unguwa, ya ce su leƙo garejinsa, yana da baƙo. Bai ƙara komai ba. Ya san wanda suka ɗauka wajen sojoji yake ƙarewa, kuma wanda ya je can ba a sa ranar dawowarsa. Ya wanke hannu ya dawo, ya ce a ransa aikin nan dai ya riƙe mutumin har su iso.

Ya kwance nozul na biyu. Ya yi tsammanin tsatsa ko ruwa, irin na man bumburutu. Sai ya ga bakin ya toshe da wani baƙin danƙo mai yauƙi. Ya cire filta ya juye a tafin hannu. Abin da ya zubo ya yi kauri, yana tafiya a hankali. Ya kai hanci. Ya sake kaiwa. Sannan ya ɗan taɓa da harshe.

Tun shigowar motar yake jin ƙamshin suya, ya ɗauka daga layin masu abinci ne.

"Malam Zadok," ya ce, "gidan man garinku ƙuli-ƙuli suke toyawa?"

 Zadok ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ranar da 'yan bindiga suka shigo, tanki na ba komai. Gidan mai a kulle. Mutane sun cika bayan mota, yara, tsofaffi. Na zuba kananzir kaɗan, na cika da man gyaɗa. Shi ya kawo mu Yola."

"Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Na faɗa wa makanike? Ka ce injekta ya mutu, ka cire nawa mai kyau ka sa min na bola? An yi wa ƙanina haka a nan Jimeta."

Ya'u ya buɗe baki zai kare makanikan Jimeta, ya tuna 'yan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe.

"Jarkokin fa?"

"Sauran man ne. Na matata Liyatu, ita ke matsewa. Ranar ta tafi sayo gyaɗa, ba mu fito tare ba. Na duba sansanin Damare, ba ta nan. An ce wasu sun sauka Ngurore. Idan na same ta, ta tarar da jarin ta."

Ya'u ya dubi hanya. Babu kowa tukuna. Ya jawo kwanon kananzir ya jiƙa nozulolin, ya goge bakinsu da burushi har ramukan suka buɗe. Ya zuƙe tankin da tiyo, ya sa sabuwar filta, ya zuba gas na gaske daga galan ɗinsa. Hannunsa na sauri kamar na saurayi. Ya ce wa Zadok ya yi ta danna famfon hannu, shi kuma ya sassauta noti har kumfa ta ƙare, mai ya fito wankakke.

"Tayar."

Zadok ya murɗa makulli. Injin ya juya sau ɗaya, da ƙyar, ya tsaya. Batir ya mutu.

Daidai nan Faruk ya shigo da mutum uku, da gorori da bindigar toka. Idonsa ya sauka a kan ramin ƙofa, ya koma kan tamfol.

"Bappa Ya'u, ga mu. Ina baƙon?"

Zadok ya ƙame a bayan sitiyari.

"Ga shi nan, batir ɗinsa ya mutu," in ji Ya'u, yana goge hannu da tsumma. "Ni gwiwata ba ta turi yanzu. Ku ajiye sandunan nan ku kama mana."

"Turi ka kira mu?"

"Da me zan kira ƙarti irinku? Ɗaurin aure?"

Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Faruk bai yi ba. Ya matsa ya ɗaga tamfol, ya buɗe jarka ɗaya, ya shinshina. Ya buɗe ta biyu. Ya daɗe yana kallon Ya'u, sannan ya miƙa wa na kusa da shi bindigar ya dafa bayan motar.

Kafin su kai bakin titi ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe su, ƙamshin ƙosai ya cika layin, sannan injin ya daidaita.

Zadok ya jira har 'yan bangan suka yi nisa. Ya leƙo ta taga, bai ɗaga ƙafa daga totur ba.

"Baba, lokacin da ka je kama ruwa, batir na bai mutu ba tukuna."

Ya'u ya duƙa yana tattara sifanu.

"Kar ka kashe ta sai ka kai Ngurore," ya ce.