Ranar da Farfesa Ya Buɗe Tanderu

Ɗalibai na kiransa Farfesa Hoto, a bayan idonsa dai, don mutumin ko atishawa zai yi sai ya duba inda kyamara take. Shi ke duba aikin wata ɗaliba mai neman digirin digirgir, amma rabon da ya leƙa ɗakin gwaji har ta manta.

Aikin nata zobban ferayit ne. Wani baƙin gari ne da ya fi kwalli laushi, a matse shi ya zama zobe, a gasa a tanderun lantarki. Irinsa ake naɗa wa waya a cikin caja, don wuta ta yi ta kai da komo da sauri ba tare da cajar ta ɗau zafi ba. Sharaɗinsa ɗaya, in an gasa a bar shi ya huce a hankali, ƙofa a rufe. Na cikin tanderun ranar nan kuwa shi ne ragowar garinta. In ba ta auna zobban nan ba, jarrabawarta sai baɗi.

Sai ga Farfesa da manyan baƙi, turarensa ya riga shi shigowa. Ya yi ta zuba, bincikena kaza, dabarata kaza, ita kuwa ko nuna ta bai yi ba. Da wata baƙuwa ta ce ina ma a ga cikin tanderun, hannunsa har ya kai ƙofa.

Ɗalibar ta ce, "Farfesa, don Allah, ba su huce ba."

"'Yar nan, ni za ki koya wa? Tun ba a haife ki ba nake gasa ferayit."

Kuma gaskiya ne, abin haushin ke nan. Ya sani sarai, hoton ne ba zai iya bari ya wuce ba.

Ya buɗe. Ciki jajawur, wayoyin baƙi suka tashi sama don ɗaukar hoto, Farfesa ya gyara tsayuwa. Ita kaɗai ta ji ƙarar fashewar zobban, tas, tas, kamar ana karya tsinke.

Da suka gama zagaye suka dawo, gutsattsarin sun huce. Ya sa maganaɗisu ya ɗebo su, aka tafa masa, ya raba wa kowa guda na tunawa. Tana tsaye tana kallo digirinta na shiga aljihun mutane.

A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Af, sakamakon awon nan, ki kawo mini shi cikin makon nan. Kin cika jan ƙafa."