Tambarin Baba a Kan Bututun Wasu

Baba ba ya buga tambarinsa a bindigar toka sai ya gwada ta. Zai ɗura mata albarushi ninki biyu, ya ɗaure ta a kututture bayan maƙera, ya ja igiya daga nesa. In bututun ya jure, sai ya buga masa ɗigo uku. Maharba ba sa tambayar komai in sun ga ɗigon nan.

Da idonsa ya mutu, aiki ya dawo hannuna, ni kuwa Allah bai hore mini haƙurinsa ba. Na riƙa sayo bututun kamfani mai araha, in goge rubutun da ke jikinsa da magagari, in buga ɗigo uku. Gwaji kuma na ce ɓarnar albarushi ne. Baba yana zaune kan bencinsa yana jin ƙarar magagari, bai taɓa tambayata abin da nake gogewa ba.

Wata safiya yayan Dogo maharbi ya shigo da abu a ƙunshe cikin tsumma. Bututu ne, ya tsage tun daga gindi. Ya ce a fuskar Dogo ya fashe, jiya aka binne shi.

"Ba rigima ta kawo ni ba, Baba," in ji shi. "So nake in ji daga bakinka. Aikinka ne?"

Baba ya miƙa hannu. Ya bi ƙarfen da babban yatsa a hankali, ya wuce ɗigon, ya zo daidai inda na goge. Wurin ya fi sauran santsi, ya ɗan faɗa ciki. Yatsan ya tsaya. Ni ina tsaye a gefe, riƙe da guduma.

"Nawa ne," in ji Baba. "Ku yafe mini."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu bayan wata bakwai. Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi. Maharban da ke cire takalmi kafin su gaishe shi, ko uku ba su zo jana'izarsa ba.

Yanzu fartanya da lauje nake ƙerawa. Amma duk ƙarfen da na ɗauka, sai in ji yatsana ya tafi neman wurin nan mai santsi, ya tsaya. Wani lokaci nakan waiwaya benci, don ji nake ana saurarena.

Makon jiya matar Dogo ta kawo gyaran gatari. Na ƙi karɓar komai, na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Sai ta riga ni.

"Ka daina sunkuyar da kai in ka gan ni," in ji ta. "Kai me ka yi? Tsohon ne ya ƙi ajiye aiki bayan ya makance. Allah ya isa tsakanina da shi."

Na miƙa mata gatarin, na ce ta gaida yara.