Wurin Ɗaliba

Shekarar da makin shiga jami'a ya gaza wa Aina'u, ta so ta haƙura da boko gaba ɗaya. Mahaifinta, Malam Sama'ilu, yana ɓarar gyaɗa ya ce, "Ki je kwaleji a Kano ki fara difloma. Hanya ba ɗaya ba ce."

Haka ta shekara biyu tana jeka-ka-dawo daga ƙauyensu, tana karantar tarihi da adabi. Kafin ta tako zuwa tashar Gezawa motar farko takan cika, amma kullum Inna Luba mai ƙosai a tashar sai ta ɗora bokitinta a kujera ta hana kowa zama.

"Wurin ɗaliba ne," take cewa, direba ya yi ta mita.

Ranar da jami'a ta ɗauki Aina'u kai tsaye zuwa aji biyu, ta je ta durƙusa gaban kaskon ƙosai, hawaye na zuba.

"Inna, rabin diflomar nan naki ne."

"Allah ya sanya albarka, 'yar nan. Matsa, kar mai ya fallatso miki."

Duk wanda ya zo sayen ƙosai a ranar, sai da Inna Luba ta ba shi labari.