Mamaci Ya Yabi Tsiren Ɗansa

Ita dai Hajiya Fulera ba ta taɓa son wurin nan da ɗanta Nata'ala ya buɗe a Dagenham, can ƙasar Turawa, ba. Wurin hira ne na dare, babu giya, sai tsire da zoɓo da ɗan kiɗa. To amma kun san mutanenmu. Wa zai yarda a gan shi yana shiga gida mai baƙin gilashi bayan isha'i? Waɗanda suka saci jiki suka zo kuwa ba sa rubuta review, wato yabon wurin a intanet, don sunansu da hotonsu za su fito, iyaye su gani. Baƙo kuma in ya duba waya ya ga ba wanda ya yaba, sai ya yi gaba abinsa.

Wata Juma'a, an idar da salla a masallacin Regent's Park, ƙawarta Memunatu, 'yar Kumasi, ta ja ta gefe.

"Hajiya, ka ga wannan? Ni dai jikina ya mutu."

Ta miƙa mata waya. Ga hoton Alhaji Gariba, mijin Hajiya, wanda aka binne bara waccan. A ƙarƙashi an rubuta: "Jiya na zo, tsiren ya yi daɗi. Zan dawo."

Zan dawo! Hajiya ta juya, ta ga mata suna kallonta suna kawar da kai.

"An yi screenshot, ya zaga ko'ina," in ji Memunatu. "Wai yaron ya ba da ubansa don kasuwa."

A cikin jirgin ƙasa na tube ba abin da Hajiya take yi sai innalillahi. Ta isa wurin Nata'ala da la'asar, ta tarar da shi duhu, kujeru a kife kan tebura. Wani abu ya yi ƙara a kicin, ta ƙwalla ihu. Ashe Nata'ala ne da tire a hannu.

"Umma, lafiya?"

"Ubanka ya zo nan jiya?"

Ta nuna masa a waya. Yaro ya ga hoton, ya sulale ya zauna.

"Ni na rubuta, Umma. Na yi da wayar Humaira, na yi da ta Affan, sai na tuna tasa tana drawer. Ban yi tunanin hoton zai fito ba, wallahi."

"Ƙannenka ba su ishe ka ba sai ka tono na kabari? Ka san abin da ake cewa ka yi?"

Da ta faɗa masa, tiren ya suɓuce. Nan take ya goge, amma abin da ya shiga wayoyin mata ai ya shiga.

Kafin magariba mutane sun taru a tsallaken titi, sun zo kallon gidan da mamaci ke cin tsire. Hajiya ta sa aka wangale ƙofa, aka kunna kowace fitila. Ta ja kujera bakin ƙofa, ta ce a kawo mata nama, ta ci a gabansu.

Memunatu kaɗai ta tsallako. Ta yi bismilla sau uku, ta ɗauki yanka ɗaya, ta leƙa ciki.

"A wace kujera ya zauna?"

Sauran ba wanda ya motsa. Wurin bai kai azumi ba aka rufe shi.