Ƙugiyar Tirela da Idanun Baya

Tun da aka yi wa Tsoho Direba aiki a wuya, wuyan ya daina juyawa. Idan aka kira shi daga baya sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kamar ana juya buhu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan manyan motoci, yanzu ga shi da 'yar mota fara, ita ma ba ya iya waiwayawa ya ga abin da ke bayanta. Bara ya yi baya a ƙofar gida ya take babur ɗin maƙwabci. Ba wanda ya ji ciwo, amma babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta zo ko kayan aiki ba ta cire ba. Ita ta kai motar aka huda bambar baya aka dasa mata 'yan idanu huɗu, irin masu ƙara idan an sa ribas kuma akwai abu a baya. Abu yana nesa su yi ƙara jefi-jefi, yana matsowa su ƙara sauri, idan ya kusa taɓawa sai su miƙe da ƙara ɗaya ba yankewa. Sannan ta durƙusa gabansa cikin ladabi ta ce da idanun nan kaɗai ta yarda ya ci gaba da tuƙi. Ranar da suka daina aiki, ko ya sake gogar wani abu, ranar za ta karɓi makulli.

Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci, kuma irin waɗannan 'ya'yan, kun sani, sunan yakan bi su har cikin murya.

To, makullin nan kuwa shi ne ƙafar Tsoho. Yana da ɗan lambu a bayan gari inda yake rainon dashe, can yake wuni. Taki da jarkokin ruwa da tukwanen dashe duk a kujerar baya yake loda su, har matarsa Inna ta ce ita ta gaji da zuwa unguwa tana warin tumaki. Da wani abokinsa zai tashi daga unguwar ya bar masa 'yar tirela mai ƙafa biyu, sai Inna ta fi kowa murna. Abin da ya rage shi ne a ɗaura wa motar ƙugiyar ja a baya.

Tare da Inna suka je gareji. Mai garejin tsohon yaron motarsa ne, wanda ya koyi riƙe sifana a hannunsa. Yanzu shi ma furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma yana hango Tsoho sai ya goge hannu a wando ya rusuna yana Maigida, Maigida. Ya sa wa Inna benci a inuwa, ya fito da ƙugiya iri biyu ya shimfiɗa a kan kwali. Ɗaya mai kauri ce, ana ɗaure ta da noti, ta zauna kenan. Ɗayar siririya mai lanƙwasasshen wuya, ana murɗa wani ɗan hannu a ƙasa a zare ta a jefa a but idan ba a jan komai. Ya yi bayani tiryan-tiryan: a irin wannan motar, kan mai kaurin yakan tsaya daidai gaban idanun tsakiya, su kuwa ba su san ɗan gida ba, ba su san baƙo ba, duk abin da suka gani za su yi wa ihu. Shawararsa a sa mai cirewa.

Tsoho ya tambayi inda ɗan hannun yake. Bakanike ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya sunkuya, ya zura hannu can ƙarƙashin bamba ya nuna masa.

Inna na kan benci tana kallon mijinta. Ita ta san abin da bakanike bai sani ba. Ta san ba wuya kaɗai ba ne, gwiwoyin ma sun daɗe da ƙin lanƙwasuwa, takalmi ma a bakin gado yake sa shi yana nishi. Ta jira ya faɗa. Amma ina, a gaban yaron da ya taɓa ganinsa yana sauke tayar babbar mota shi kaɗai?

"Ƙarfen da ake cirewa a sa a aljihu ai ba ƙarfe ba ne," in ji Tsoho, yana zungurar siririyar da ƙafa. "Wannan ta masu jan keken yara ce. Ɗaura min ta maza."

Bakanike ya sosa ƙeya ya ce to, Maigida ya fi shi sani. Suka hau da motar kan rami, aka kwance bamba, aka ɗaura ƙarfen a jikin ƙashin motar, aka ja waya zuwa soket ɗin fitilun tirela. Aiki ya yi kyau, ba laifi. Da aka sauko da ita Tsoho ya shiga ya sa ribas. Fili fetal a bayansa, ko kaza babu, amma motar ta ƙwalla ƙara miƙaƙƙiya, irin ta an kusa bugu. Ya cire, ta yi shiru. Ya sake sawa, ta sake. Bakanike ya ce tun ba a yi nisa ba a sauya, ko kuma ya kashe idanun tsakiya biyu. Tsoho ya ce ba za a taɓa idanun Uwata ba, kuma kunnensa zai saba.

Kunnen bai saba ba, kuma da ma ba kunne ne matsalar ba. Ƙarar da ke gaya masa saura kaɗan, yanzu ita ce ƙarar da ke tarbarsa ko babu komai. Idanu huɗu suna nan garau, amma sun zama kamar maigadin da ke ihun ɓarawo kowace safiya.

Idan tirela tana jone, lafiya lau: wayar tana sa idanun su yi shiru, lambu kuma fili ne, ya ja ta ya kewayo yadda yake so. A can ma yake barin ta. Cikin gari ne tashin hankali. Sai Tsoho ya zama mutumin da ba ya yin baya. Ya daina shigar da mota gida, ya riƙa ajiye ta a bakin titi, ya ce wa maƙwabta inuwar can ta fi. Idan ya wuce shagon da zai tsaya da taku kaɗan, sai ya kewaye layin gaba ɗaya ya dawo. A kasuwa yakan ajiye ta can nesa inda gabansa a buɗe yake, Inna ta taka da kaya a hannu. Ranar da ba makawa, ita ce ke sauka ta tsaya a baya tana buga but da tafin hannu, bugu ɗaya taho, bugu biyu tsaya, ga kan ƙarfen nan yana nufo gwiwarta. Tana bugawa tana salati a ciki.

Ta yi masa magana har ta gaji. Ta ce su koma gareji, ya ce da wane ido zai kalli yaron. Ta ce to su faɗa wa 'yar, ya yi mata wani kallo da ya sa ta haɗiye sauran. Duk lokacin da waya ta yi ƙara ta ga 'yar ce, sai ta yi jinkirin ɗauka. Yarinyar ta tambayi jikin Baba, ta tambayi mota, Inna ta ce mota ƙalau, ta yi maza ta koma zancen jikoki.

Ana haka sai wata rana 'yar ta kira ta ce tata motar ta ƙi tashi, ko Baba zai zo ya ɗauke ta idan ta tashi aiki. Inna ta yafa mayafi ta ce ita ma za ta bi, ta sha iska. A harabar asibiti Tsoho ya yi ta kewayawa har ya sami gurbin da gabansa a buɗe yake, ya tsaya, ya sauke ajiyar zuciya. Suna zaune suna jira sai ga motar kawo kayan wanki, ta zo ta tokare gabansu. Direban ya sauka ya kulle ya shige ciki. Tsoho ya danna ham, ko waiwaye mutumin bai yi ba. Daidai nan 'yar ta fito ta wata ƙofa a gabansu, ta buɗe gaba ta zauna, ta gaishe su a gajiye, ta ce su tafi, ƙafafunta kamar ba nata ba.

Inna ta kama murfin ƙofa za ta sauka.

"Inna, ina za ki kuma?"

"Zan ɗan duba masa baya ne."

"Zauna abinki. Ai aikin idanun kenan."

Inna ta saki ƙofar. Daga kujerar baya inda take tana ganin ƙeyar mijinta, gumi na gangarowa cikin wuyan riga. Harabar asibiti ce, Allah na tuba: masu sanda, masu keken guragu, ga guntayen turaku na ƙarfe da madubi ba ya nunawa. Tsoho ya duba madubin dama, ya duba na hagu, ya sa ribas. Ƙarar ta cika motar. 'Yar ta ɗago kai. Shi kuwa ya sassauta birki, motar ta gusa kamar taƙi ɗaya, ta ƙara gusawa. Inna ta runtse ido. Ta san zai iya. Sau da yawa ya iya. Idan ya fita lafiya zai ce wata waya ce ta taɓu, gobe zai kai a duba.

Sai ta ji motar ta tsaya cak. Ya ja birkin hannu.

"Uwata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "sauka ki duba min. Ba na gani, kuma wannan ƙarar ba ta gaya min komai."

Ta sauka ta zagaya. Ta daɗe a can. Babu kowa a bayan, babu turke, babu komai, sai kan ƙarfe baƙi yana ƙyalli a gaban idanun da ta dasa. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta tambayi tun yaushe. Inna ta buɗe baki, Tsoho ya riga ta, ya faɗi gaskiya, har da bugun but. 'Yar ta kalli uwarta, ta kalli gwiwoyin uwar, sannan ta zagayo ta ɓangaren direba ta buɗe ƙofa ta tsaya. Ya fito ya ba ta wuri. Ita ta tuƙa su gida, ta shigar da motar ciki, ta jefa makullin a jaka, ta yi musu sallama ta tari tasi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ba daɗi. Tsoho ya riƙa fita tsakar gida ya goge motar da ba za ta je ko'ina ba, ya dawo ya zauna. Maƙwabcin lambu ya kira ya ce yana ɗan zuba wa dashen ruwa, amma ƙananan sun fara langaɓewa. Inna ta kira 'yar, yarinyar ta ce tana aiki. Ta sake kira, ta ce tana tunani.

Ranar hutunta ta zo da safe ta ce su shirya. Gareji ta kai su. Bakanike ya taho da rusunawarsa, Tsoho ya tare shi tun bai gama gaisuwa ba, ya ce a cire mai kaurin a sa siririyar. Sannan ya kalli wani wuri can saman rufin kwano ya ce amma akwai magana: gwiwa ba ta kai shi ƙasa.

Bakanike ya shiga ciki ya fito da wata 'yar kujerar katako, gajeriya, duk baƙin mai, wadda yake zama a kai idan yana aikin birki. Ya ce shi ma tun bara a kanta yake yi, kada Maigida ya ga kamar shi kaɗai shekaru suka sani. Da aka gama sauyin ya ajiye ta a bayan motar. Tsoho ya dafa but ya zauna a hankali, ya zura hannu, ya laluba, ya murɗa. Ƙugiyar ta faɗo masa a tafi. 'Yar ta ce ya mayar. Ya mayar har ta yi ƙas. Ta ce ya sake cirewa. Inna ta ce haba 'yar nan, jarrabawa ce? 'Yar ta ce jarrabawa ce.

Sannan ta sa aka jera tsofaffin tayoyi a can baya, ta ciro makulli ta miƙa masa. Ya shiga ya sa ribas. Shiru. Inna ba ta taɓa jin shirun da ya yi mata daɗi haka ba. Motar ta fara baya, ƙara ta fara jefi-jefi, ta ƙara sauri, ta miƙe, ya taka birki. Tsakaninsa da tayoyin bai kai kamu biyu ba.

Ya kashe motar ya fito, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya miƙa mata makullin a tafin hannu.

'Yar ta kalli makullin, ta sunkuya ta ɗauki 'yar kujerar ta sa a but kusa da ƙugiyar, ta rufe. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga ta zauna, ta gyara jakarta a cinya.

"Baba, ka sauke ni a kasuwa," ta ce. "Daga nan ku wuce lambun, kafin rana ta ƙarasa dashen."